Buhun Iri A Shingen Safana

Bana ma shukar fari ta ƙone. Yau kwana goma sha tara rabonmu da ruwa. Geron da ya fito kamar allura ya kwanta ya yi launin toka, in ka murza shi a hannu sai ya zama gari. Da yamma hadari yakan taso ta gabas, ya yi baƙi, ya yi ta gurnani kamar da gaske, iska ta zo ta watsar da shi, mu koma gindin bedi mu zauna. Jiya ina zaune nan samarin unguwa suka zo da takarda, wai koke za su kai wa ɗan majalisa a kan tsadar hatsi, in sa masu hannu tunda na shiga sahun manya. Na ce su ɗauke min ita daga gaba. Suka tafi suna cewa Lawal ya cika baƙin rai. Haka ne, ina da shi. Amma ba da shi aka haife ni ba, a bakin titi na same shi.

Wancan lokaci soja sun miƙa mulki ga farar hula, ba a kuma yanke mana jiharmu ba, majalisa tana can kudu, tafiyar wuni guda a mota. Ana ta cewa ƙasa ta yi kuɗin mai. Mu dai abin da muka gani na man shi ne rediyo a wuyan samari, da burodi a kasuwar Batsari, da gidan Alhaji Bawa, wakilinmu a majalisa, wanda aka rushe aka sake da bulo cikin rani ɗaya. Ina da shekara ashirin da 'yan kai. Aji bakwai na gama Baba ya ce ya isa, fartanya na jira. A ƙauyenmu, gefen Karare, ni kaɗai ne mai biro. Wasiƙar 'yan cin rani ni, takardar asibiti ni.

Daminar da ta wuce a lokacin ta ɗauke da wuri, gero yana cikin bununi bai gama ƙwaya ba, zangarniya ta fito rabi ƙwaya rabi ƙaiƙayi. Gonar da ke ba Baba dami sittin ba ta ba shi ashirin ba. Tun ba a gama kai dami rumbu ba gingimari suka fara sauka Batsari ran kasuwa. Masu su ba sa ciniki, abin da ka faɗa shi suke biya, su ɗinke buhu, su loda, su yi arewa. Mai biki ya sayar, mai mara lafiya ya sayar, wanda sabuwar takardar kuɗi ta ruɗa shi ma ya sayar. Kafin tsakiyar rani hatsi ya fara wuyar gani a garin da aka noma shi.

Dattawa suka taru ƙofar masallaci bayan la'asar, aka aiko in zo da biro. Na yago tsakiyar littafi na rubuta abin da suka faɗa, na ƙara nawa gishirin: a hana fitar da hatsi, a kafa shinge a hanya, a kama duk wanda aka gani da kaya. Maganar shinge ni na sa ta, ba wanda ya faɗa min. Da na karanta masu aka yi ta madalla. Aka kawo tawadar allo kowa ya dangwala. Baba ne ya fara, ya danna babban yatsa har takardar ta kusa hujewa. Iro ma ya dangwala, abokina tun muna kiwon awaki, ya shafe min sauran tawadar a wuyan riga yana dariya.

Daga nan muka koma bin rediyo, a nan na koyi yadda ake haihuwar doka. Aka ce Alhaji Bawa ya miƙe a zauren majalisa ya ɗaga takardar talakawansa. Aka ce an yi wa ƙudurin karatu na ɗaya.

"An gama ke nan?" in ji Baba.

Na ce saura na biyu, daga nan kwamiti, daga nan na uku, sannan gwamna ya sa hannu.

"Takarda ɗaya sai an karanta ta sau uku? Kai da aji bakwai ɗinka sau ɗaya ka karanta mana muka gane."

Da bazara ta kama, kwamitin ya zo Batsari sauraron jama'a. Aka fito da bencinan firamare, aka jera masu kujeru a inuwa, mu muna rana. Suna shan lemon kwalba, muna kallon maƙogwaronsu. Aka kira sunana, na tashi na karanta koken. Shugabansu ya gyaɗa kai ya ce yaron nan ya yi magana. Wannan kalma Baba ya ɗauka ya yi yawo da ita har ta tsufa. Mahauta sun ji ta, wanzami ya ji ta, makoki ma in ya je sai ya san yadda ya sako ta bayan addu'a. Ni kuwa na fara tafiya hannu a aljihu.

Aka sa hannu, doka ta fito: ba a fita da hatsi daga gunduma zuwa gunduma sai da takardar izini, manomi kuma a ba shi tasa kyauta. Abin da ba mu sani ba, doka 'yar guntuwa ce, sauran aikin ma'aikata ake bar wa. Su za su ce ina za a sa shinge, su za su ce nawa ne kaya. Mutanen da ba su san nauyin sungumi ba suka zauna ƙarƙashin fanka suka ce abin da ya wuce tiya biyar kaya ne. Aka kafa shinge a kan titin da ya haɗa mu da ƙasar Safana: ganga biyu, gora ɗaya, rumfar zana. Iro ya samu aikin gadi a wurin, ladan ihun da ya yi wa Alhaji lokacin zaɓe. Aka ba shi kaki da hular da ta yi masa yawa.

Ruwan fari ya sauka da wuri, mai ƙarfi, muka fita da asuba. Baba na gaba yana sara da sungumi, ni da ƙannena muna bi da ƙoƙo, mu jefa mu rufe da diddige. Kwana uku muka gama gonar. Ya fito kyakkyawa, layi-layi. Daga nan sama ta rufe bakinta. Rana ta riƙa fitowa fara fat, yashi ya yi zafin da kare ba ya iya tsayawa a kai. Tuwo ya koma sau ɗaya a gidanmu, da safe kunu ne wanda kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Inna ta fara haɗa dusa a gari. Tafasa ba ta fito ba balle a yi kwaɗo, sai yaɗiya da ganyen zogalen da aka tsige har ya koma sanda. In na tashi tsaye da sauri sai in ga taurari da rana tsaka. Sati uku shukar ta mutu ƙurmus. Baba ya ce a sauko da zangarniyar ajiya da ke soke a rufin ɗaki. Inna ta sunkuyar da kai ta ce ta daka wa yara tun tuni. Irin shukarmu ke nan ya tafi. Na kasuwa kuwa ba ya shukuwa, gauraye ne daga wata ƙasa, kafin ya nuna ruwa ya ɗauke.

Baba yana da amini, Buba, Bafillace mai ruga a ƙasar Safana. Kowace kaka shanunsa a gonarmu suke kwana su ci kara su bar mana taki. Gonarsa ta sha kashin shanu, ko a mugunyar shekara yana samu, kuma geronsa mai saurin nuna ne. Muka ɗaura wa jaki akumari muka tafi, ni da Baba. Ta shingen muka wuce hannu wofi, Iro har da ɗaga mana gora yana sara wa Baba.

Buba ya tare mu da dariya. "Kaɗo, yunwa ta koro ka? Nono kake so ko fura?"

"Bar surutu, Bafillace. Iri nake so."

Buba ya miƙe. Ya sa aka sussuka aka sheƙe, aka cika buhun algarara guda, ƙwaya tsaba, kana jin sanyinta in ka tura hannu. Ya ce a mayar masa da kaka in Allah ya kai mu. Washegari da safe muna ɗaura kaya ya dafa jakin.

"Amma ku bi burtali. Ku zaga bayan dutse ku faɗa Karare ta yamma. Kowa nan yake bi yanzu, kan titi akwai masu kaki."

Baba ya tsaya da igiya a hannu. "Burtali? Ni in bi hanyar shanu da kayana kamar wanda ya sato? Ka san wa ya rubuta dokar nan? Ga shi nan tsaye. Yatsana ne na farko a kanta. Don masu gingimari aka yi ta, ba don mai jaki ba."

Buba ya juyo ya dube ni. "Haka ne, Lawal?"

Na san maganar tiya biyar. Da kunnena na ji ta a bakin Iro ran kasuwa. Amma Baba yana nuna ni da hannu, matan ruga suna leƙe. Na ce, "Haka ne, Baffa."

Rana na tsaka muka iso shingen. Iro ya taso ya rusuna.

"Sannu da hanya, Baba. Mi aka samo mana?"

"Iri."

Ya waiga rumfa. Akwai wani sufeto baƙo zaune, mai baƙin gilashi, yana fifita da jarida. Iro ya gyara hula, muryarsa ta sake.

"Tiya nawa ne?"

"Auna da ido mana. Kai ba ɗan manomi ba ne?"

Sufeton bai tashi ba, daga zaune ya ce, "Tsoho, ina takardar izini?"

Baba ya kama kafaɗata ya turo ni gaba. "Ga takardata nan. Shi ya rubuta maku dokar da kuke ci da ita."

Sufeton ya sauke gilashi ya kalle ni tun daga silifa har kai, ya fashe da dariya. Ana haka sai ga gingimari ta taho tana nishi, buhu har sama da kanta. Direba bai ko kashe mota ba, ya miƙo wata takarda mai hatimi ta taga. Iro ya ruga ya ɗaga gora.

"Wancan fa?" in ji Baba.

"Shi yana da lasisin dillanci, Baba. Daga ma'aikata, can kudu."

Na ja Iro gefe. "Iro, iri ne fa. Ka san shukarmu ta mutu. Taku ma ta mutu."

Ya ɗaga murya yadda sufeto zai ji. "Kai ka ce a kama duk wanda aka gani da kaya, Malam Lawal. Ina wurin. Ko ka rubuta ban da jakin gidanku ne ban ji ba?"

Baba ya sauko, ya ce to a ɗebar masa tiya biyar ɗin da aka yarda, su riƙe sauran. Sufeto ya ce kayan da aka kama shaida ne, ba a kwance bakinsa. Iro da kansa ya sauke buhun, ya ja shi ya yar a ƙasa gefen rumfa. Muka koro jaki gida babu kaya. Tafiyar awa biyu Baba bai dube ni ba.

Washegari na ari keke na tafi ofishin da ke Batsari. Akawun yana cin gyaɗa a kan tebur. Ya ce izini kyauta ne, wannan ba shakka, sai dai littafin iznin ne ba a buga ba.

"Don mi?"

"Kuɗin bugawa suna cikin kasafin bana. Kasafi kuwa yana majalisa."

Na ce ya rubuta min a farar takarda ya buga hatimi. Ya ce ƙa'ida ta ce sai mai lamba. Na ce to shingen da wane kuɗi aka kafa shi?

"Ganga biyu da gora kuɗi ne?"

"Lasisin masu gingimari fa?"

"Su ai da kansu suka biya aka buga masu. Kai ma in kana da hali..." Ya hure ɓawon gyaɗa daga kan takardunsa.

Aka ce Alhaji Bawa yana gari. Na zauna a zaurensa tun hantsi har la'asar, ƙamshin shinkafa na fitowa daga ciki. Da ya fito ya gane ni. "A'a, marubucinmu!" Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ka ga, yaro, mu doka muke yi. Ƙa'ida ta ma'aikata ce, ba mu muka ce tiya biyar ba."

"Ranka ya daɗe, an ce kasafin yana hannunku."

"Yana hannunmu, kuma ba za mu sake shi ba sai gwamna ya sa mana ayyukanmu a ciki. Don ku muke wannan faɗa. Ku yi haƙuri wata ɗaya, biyu."

"Ranka ya daɗe, ruwa ba ya jira wata biyu."

Ya yi dariya ya ce ina da baki, wata rana sai na zama kansila. Ya zaro ɗan kati ya yi rubutu a baya ya ba ni. Ina fitowa iska mai sanyi ta buge ni, gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin in kai bakin gari ruwa ya kece, irin wanda muka yi sati uku muna roƙo. Yara na tsalle tsirara, mata na tarar indararo, ƙasa na fitar da ƙamshin nan nata. Allah ya yafe min, ranar na tuka keke cikin ruwa ina fatan ya tsaya.

Da asuba gari ya watse gona. Wanda ya bi burtali ya samo, wanda ya ɓoye ya fito da nasa. Ko ta ina sai ƙarar sungumi. Inna ta bi gidaje ta samo cikin ƙoƙo ɗaya, muka shuka bayan gida, bai kai faɗin masallaci ba. Baba ya zauna ƙofar gida da sungumi a cinya, masu wucewa na yi masa barka da ruwa yana amsawa.

Na kai katin shinge. Sufeto ya tafi kai rahoto, Iro kaɗai ne. Ya juya katin gaba da baya.

"Wannan gaisuwa ce Alhaji ya aiko. An ƙirga buhunan nan, in ɗaya ya ɓace ni ne ɓarawo."

Buhun yana nan inda ya yar da shi, ya jiƙe sharkaf, ruwa ya kwanta a gindinsa. Na ce to ya taimaka mu ɗaga shi kan ganga mu rufe.

"Ba a ba mu tamfol ba. Shi ma yana cikin kasafi." Abin ya ba shi dariya har yana riƙe hula.

Na tuɓe rigata na shimfiɗa a kan buhun, kamar za ta yi wani abu. Daga nan na wuce ruga ta burtali, ni kaɗai, don Baba ya ce ba zai iya haɗa ido da Buba ba. Na iske Buba ya shuke abin da ya rage masa tun da safe.

Ruwa ya sake sauka bayan kwana biyu. Kullum ina zuwa shingen, ban san abin da nake zuwa yi ba. Ran na shida na hango buhun daga nesa ya sake launi. Ya tsiro. Tsiron ya huda saƙar algarara ta ko'ina, kore shar, tsaye cirko-cirko kamar bayan bushiya. Ta ƙasa saiwa fara ta fito ta kama yashi. Na dafa shi na ji ɗumi kamar jikin dabba. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙi fita ba, iri ne na gaske Buba ya ba mu. Awaki suka gano shi, Iro na korarsu da gora wai kada a ci shaida. 'Yan cikin mota in sun tsaya sai su nuna wa juna suna dariya, wani ya ce gwamnati ta fara noma.

Ran na tara aka aiko mu je mu ɗauki kayanmu. Wani babba zai wuce ta titin, sufeto ba ya son ya ga ƙazanta. Muka je da jaki. Sai da na sa fartanya na yanke saiwar sannan buhun ya rabu da ƙasa. Sufeto ya miƙo takarda: an karɓi buhun gero guda lafiya lau, babu abin da ya same shi. Ya miƙa wa Baba tawada. Baba ya maida hannunsa baya. Ya dube ni, karo na farko tun ranar.

"Sa masu hannu. Ai ka iya."

Na sa.

Yadda shekarar ta ƙare ba wani dogon labari ba ne. Gonar dami sittin ta yi ciyawa har ƙugu. Baba da furfurarsa ya yi ƙwadago a gonakin mutanen da ya riƙa ba labarina, ana auna masa da yamma a bakin riga. Kasafin sai wajen kaka aka sake shi, littafin izini ya iso lokacin da ba mu da abin da za mu nema wa izini. Yanzu a waya yara ke jin an yi karatu na ɗaya, su yi ta murna kamar yadda na yi.

Amma ba wannan ke dawo min ba, abin da Inna ta yi da buhun ne. Ba ta yarda a zubar ba. Ta farke shi da wuƙa, ciki ya dunƙule ya zama curi ɗaya, saiwa ta sarƙe, tsakiya ta fara baƙi tana warin tsami. Ta zauna ta warware da yatsu, ta yar da ruɓaɓɓen, ta shanya sauran a tabarma kwana biyu tana gadin kaji. Ta daka, ta tankaɗe, ta dama kunu da hantsi. Ashe geron da ya tsiro zaƙi gare shi. Ba sukari ba zuma, amma ƙannena suna kurɓa suka fara tsalle suna cewa Inna a ƙara, yau kunun salla aka yi.

Ta kai wa Baba nasa a babbar ƙwarya. Ya karɓa, ya kurɓa sau ɗaya, ya riƙe a baki kafin ya haɗiye. Sai ya ajiye ƙwaryar ya tura ta gabana da ƙafa.

"Ƙara masa, ki cika ta," ya ce wa Inna. "Shi ya noma."

Inna ta tsaya da ludayi a hannu. Ya ce ta cika. Ta cika har baki.

Na ɗauka na shanye tas, na sa yatsa na suɗe gindin ƙwaryar yana kallona, don yunwa nake ji.